Faridoliya

Faridoliya wani yanayi ne da mutum ke ganin fuska, ko surar mutum, ko dabba, ko rubutu, a jikin abin da babu wanda ya zana masa wannan siffa, kamar gajimare, dutse, ɓawon itace, hayaƙi, tabon ruwa a bango, ko hoton da bai fita da kyau ba. A rubuce-rubucen Turai ana rubuta kalmar pareidolia. Abin da aka fi gani shi ne fuska: ɗigo biyu a sama da ɗan layi a ƙasansu sun isa ƙwaƙwalwa ta ce ga idanu ga baki. Ana kuma amfani da kalmar ga kunne, wato jin magana ko kiɗa a cikin ƙarar da ba ta da ma'ana.

Faridoliya ba cuta ba ce, kusan kowane mai lafiya yana samunta. Ta bambanta da gane-gane, inda mutum ke ganin abin da babu shi kwata-kwata, domin a faridoliya abin da ake kallo yana nan, fassarar da ƙwaƙwalwa ta yi masa ce ta wuce gona da iri, kuma yawanci mai kallon ya san dutse yake kallo. Ta kuma bambanta da kawalwalniya, wadda lanƙwasar haske a cikin iska mai zafi ke haddasa ta tun kafin hasken ya iso ido. Masana suna sanya faridoliya ƙarƙashin wani babban yanayi da ake kira afofeniya, wato ganin alaƙa ko tsari tsakanin abubuwan da suka haɗu bisa katari.

Asalin kalmar

Kalmar ta fito daga harshen Girkanci: para, mai nufin "a gefen" ko "a madadin", da eidolon, mai nufin sura ko hoto. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Jamus, Karl Ludwig Kahlbaum, ya yi amfani da ita a shekarar 1866 a wani rubutu da ya yi kan ruɗin gaɓoɓin ji da gani. A 1913 Karl Jaspers ya kasa ruɗin gani gida uku: wanda rashin mai da hankali ke kawowa, wanda tsoro ko wani motsin zuciya ke kawowa, sai faridoliya. Abin da ya raba ta da sauran biyun shi ne ba ta gushewa idan mutum ya ƙura ido. Wanda tsoro ya sa ya ɗauki kututture a matsayin ɓarawo, da zarar ya haska fitila ya duba, ɓarawon ya tafi. Amma wanda ya ga fuska a jikin dutse, ƙara kallo sai ya ƙara fito masa da ita. Kalmar afofeniya kuwa wani likitan Jamus ne, Klaus Conrad, ya ƙirƙiro ta a 1958.

Dalilin faruwarta

Ido ba ya aika wa ƙwaƙwalwa cikakken hoton duniya. Abin da yake aikawa guntaye ne na haske da inuwa, ƙwaƙwalwa ce ke harhaɗa su, ta kwatanta da abin da ta sani, ta yanke hukunci cikin gaggawa. Fuska tana da matsayi na musamman a wannan aiki. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka sun bayyana wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, mafi ƙarfi a ɓangaren dama, wanda ke motsawa idan mutum ya ga fuska fiye da idan ya ga gida ko kujera. Gwajin wutar ƙwaƙwalwa ya nuna cewa alamar gane fuska tana bayyana ne kimanin kashi 170 cikin 1,000 na sakan bayan ganin ta, wato kafin mutum ya samu damar yin tunani. Wani bincike da Nouchine Hadjikhani ta jagoranta a 2009 ya gano cewa abubuwa masu kama da fuska suna tayar da wannan yanki a kusan lokaci guda da fuskar gaskiya, abin da sauran kayayyaki ba sa yi. Saboda haka faridoliya ba ta jiran mutum ya zauna ya yi ta kwatance. A 2020 Susan Wardle da abokan aikinta sun nuna abin da ke biyo baya: cikin kusan rubu'in sakan ƙwaƙwalwa takan gyara hukuncinta, ta mayar da abin cikin jerin kayayyaki. Wannan ne ya sa mutum yake iya ganin fuska a soket ɗin wuta, alhali bai daina sanin soket ba ne.

Alamu sun nuna da wannan hali ake haihuwar mutum. A wani gwaji da aka wallafa a 1975, an nuna wa jarirai da ba su wuce mintoci kaɗan da haihuwa ba wasu alluna, sai aka ga sun fi bin allon da aka jera masa idanu da hanci da baki a mazauninsu da kallo, fiye da wanda aka hargitsa masa su. Mark Johnson da John Morton sun sake irin wannan gwaji a farkon shekarun 1990 suka sami sakamako makamancinsa. Ba kuma ɗan Adam kaɗai ba ne. A 2017 Jessica Taubert ta nuna wa birai hotunan kayayyaki masu kama da fuska, biran suka fi daɗewa suna kallonsu, kuma idanunsu suka fi tsayawa a daidai inda mutum zai ce nan ne "ido" da "baki".

Bayanin da aka fi bayarwa kan dalilin wannan hali shi ne na auna asara. Mutumin da ke tafiya a daji da magariba, idan ya ɗauki kututture a matsayin kura, abin da ya yi asara bai wuce faɗuwar gaba da ɗan gudu ba. Idan kuwa ya ɗauki kura a matsayin kututture, maganar ta ƙare. Kuskure na farko mai arha ne, na biyu mai tsada, don haka ƙwaƙwalwar da ta fi saurin cewa "ga wani can" ita ce ta fi tsira. Masanin ɗabi'un al'umma Stewart Guthrie ya gina littafinsa na 1993 a kan wannan hujja, Carl Sagan kuma ya kawo wata mai kama da ita a 1995, cewa jaririn da ya fi saurin gane fuskar iyayensa ya mayar musu da murmushi ya fi samun kulawa. Hujjar tana da ma'ana, sai dai ba abu ne mai sauƙin gwadawa kai tsaye ba, tunda babu wanda zai koma zamanin ya ƙirga.

Abin da aka gwada sosai shi ne tasirin tsammani. A 2014 wata tawaga ta masana daga Sin da Kanada, cikinsu har da Kang Lee na Jami'ar Toronto, ta nuna wa mutane hotunan da babu komai a cikinsu sai ɗige-ɗige barkatai, irin na talabijin da ba ta kama tasha ba. An gaya musu rabin hotunan na ɗauke da fuskoki ko haruffa. Sai suka ce sun ga fuska a kashi 34 cikin 100 na hotunan, haruffa kuma a kashi 38. Abin da aka sa mutum ya nema, shi yake samu. Daga nan ake gane dalilin da ya sa hoton da aka zagaye wani wuri a jikinsa da jan layi, aka rubuta abin da za a gani a ƙasa, ya fi saurin gamsar da mutane a Facebook da WhatsApp fiye da hoton da aka bari haka nan.

Ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa ga ganin fuskar, har hali da jinsi take ba ta. Binciken David Alais na Jami'ar Sydney a 2021 ya nuna cewa mutane suna karanta fushi ko fara'a a irin waɗannan fuskoki ta hanyar da suke karanta na mutane. Wani binciken na Wardle a 2022, da mutum fiye da 3,800 suka shiga, ya gano cewa mafi yawan fuskokin ana ɗaukarsu na maza ne. Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin wannan: fitilun gaba idanu ne, ragar gaba baki ce. Sonja Windhager ta gwada hotunan gaban motoci a kan mutanen Ostiriya da kuma mazauna karkara a Habasha waɗanda ba su saba da tallan mota ba, ɓangarorin biyu suka yi kusan ittifaƙi kan wace mota ce mai fuskar babba, wace ce mai fuskar yaro, wace ce mai nuna isa.

Fuskar duniyar Mars

Babu misalin da ya kai wannan shahara a tarihin hoto. Ranar 25 ga Yuli, 1976, kumbon Viking 1 na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, yana kewaya duniyar Mars yana neman wurin da ɗan'uwansa Viking 2 zai sauka, sai ya ɗauki hoton wani yanki da ake kira Cydonia. A cikin hoton akwai wani tudu mai tsawon kusan kilomita 2 wanda ya fito kamar fuskar mutum yana kallon sama, da ido da hanci da baki, da wani abu kamar hula zagaye da kai. Bayan kwana shida NASA ta saki hoton ga 'yan jarida, ta bayyana cewa inuwa ce ta ba tudun wannan kama. An ɗauki hoton daga nisan kilomita 1,873, rana ta yi ƙasa, rabin tudun yana cikin duhu. Akwai kuma baƙaƙen ɗige-ɗige warwatse a hoton, waɗanda ba komai ba ne illa wuraren da saƙon kumbon ya yanke a hanya, ɗaya daga cikinsu ya faɗo daidai inda ƙofar hanci za ta kasance.

Bayanin bai kashe maganar ba. Wasu injiniyoyin kwamfuta biyu, Vincent DiPietro da Gregory Molenaar, sun tono hoto na biyu na wurin a ma'ajiyar NASA, wanda aka ɗauka rana tana wani matsayi dabam, kuma kamar fuskar ba ta ɓace ba. Richard Hoagland ya wallafa littafi a 1987 yana cewa gini ne na wasu halittu masu hankali, tuddan da ke kusa kuma dala ne da kufan birni. Maganar ta shiga rediyo da mujallu da fina-finai, har aka riƙa zargin NASA da ɓoye gaskiya, duk da cewa samun kufan birni a Mars shi ne abin da zai fi jawo wa hukumar kuɗi.

Sai da aka yi shekara 22 kafin a sake ganin wurin. Ranar 5 ga Afrilu, 1998, kumbon Mars Global Surveyor ya ɗauki hoton tudun, babu fuska. Masu ra'ayin gini suka ce lokacin hunturu ne a can, hazo ya rufe. Aka sake ɗauka ranar 8 ga Afrilu, 2001, sama tana garau. A wannan hoto kowane ɗigo ɗaya yana wakiltar mita 1.56 na ƙasa, alhali a mafi kyawun hoton Viking ɗigo ɗaya mita 43 ne. Abin da ya bayyana tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai da zaizaya ta ci, irin waɗanda ke cike da hamadar yammacin Amurka, tsayinsa kimanin mita 250. Kumbon Mars Express na Tarayyar Turai ya ƙara tabbatar da haka a 2006.

Wannan ba shi ne karo na farko da Mars ta yi wa masu kallo gizo ba. A 1877 masanin taurari ɗan Italiya, Giovanni Schiaparelli, ya zana wasu layuka da ya ce yana gani a fuskar duniyar, ya kira su canali, wato hanyoyin ruwa. Da aka fassara kalmar zuwa Turanci sai ta ɗauki ma'anar magudanan da aka haƙa da hannu. Percival Lowell ya gina ɗakin kallon taurari a Flagstaff, jihar Arizona, a 1894, ya zana ɗaruruwan irin waɗannan layuka, ya ce aikin ban ruwa ne na al'ummar da fari ya addaba. A 1903 Edward Maunder ya yi wani gwaji mai sauƙi a wata makarantar yara maza a Greenwich, Ingila. Ya rataye zanen Mars mai ɗige-ɗige da tabo amma babu layi ko ɗaya, ya ce yaran su kwafa. Yaran da ke zaune nesa da allon suka riƙa haɗa ɗigon da miƙaƙƙun layuka. Hotunan kumbon Mariner 4 a 1965 ba su nuna magudana ko ɗaya ba. Har yau kusan duk shekara sai wani hoton Mars ya yi yawo a intanet: a 2022 wata tsaga a jikin dutse, wadda motar bincike ta Curiosity ta ɗauka, ta zama "ƙofar shiga", alhali tsayinta bai wuce kimanin santimita 30 ba.

Wata da taurari

Baƙaƙen tabon da ake gani a jikin wata filaye ne na narkakken dutse da ya malalo ya daskare fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce. Sun rufe kusan kashi 16 cikin 100 na jikinsa, mafi yawansu a gefen da ke fuskantar duniya. Tunda wata gefe ɗaya yake nuna mana kullum, duk al'ummomin duniya tabo iri ɗaya suke kallo, amma kowa da abin da ya gani. Turawa sun ga fuskar mutum, ko wani tsoho ɗauke da damin itace. Mutanen Sin da Japan da Koriya sun ga zomo yana daka a turmi, Aztek na Meziko ma zomo suka gani. Sunan wannan zomo, Yutu, shi Sin ta raɗa wa motar binciken da ta sauke a wata a 2013. Haɗa taurari su zama sura ma daga wannan hali yake. Rukunin taurarin da Larabawa ke kira Surayya, Girkawa suka ɗauke su 'yan mata bakwai 'yan uwan juna, Hausawa kaza da 'ya'yanta suka gani.

Duwatsu da halittu

A Najeriya misalin da kowa ya sani shi ne Dutsen Zuma, da ke kusa da Madalla a jihar Neja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Dutsen ya ɗaga kimanin mita 300 sama da ƙasar da ke kewaye da shi, a wani gefensa kuma akwai ramuka da tabo da zaizaya da kwararar ruwan sama suka bari, waɗanda suka jeru kamar idanu biyu da hanci da baki. Fuskar ta shiga labaran gargajiya na mazauna yankin, hoton dutsen kuma shi ne a bayan takardar Naira 100 da aka fitar a 1999. A jihar New Hampshire ta Amurka an yi wani mai suna Tsohon Kan Dutse, wasu fale-falen dutse guda biyar da ke haɗuwa su ba da gefen fuskar tsoho idan an tsaya a wani wuri takamaimai, idan an gusa kuma su koma tarin duwatsu. Jihar ta sa shi a lambar mota da kuɗin ƙarfe, sannan ranar 3 ga Mayu, 2003, ya rufto.

Wataƙila mafi tsufan shaida ita ce tsakuwar Makapansgat. Wani malamin makaranta ne ya tsince ta a 1925 a wani kogo a Afirka ta Kudu, tare da ƙasusuwan da suka kai shekara miliyan 2 zuwa 3. Jar tsakuwa ce mai nauyin giram 260, da ramuka biyu kamar idanu da tsaga kamar baki, kuma bincike ya nuna babu hannun da ya sassaƙa ta. Irin wannan dutse ba a samunsa a kogon, daga nesa ya zo. Raymond Dart ya kawo ra'ayin cewa wata halitta mai kama da mutum da ta rayu a wurin, Australopithecus africanus, ita ce ta ga fuskar ta ɗauko tsakuwar ta kawo gida. Ba duk masana suka yarda ba, domin ruwa ko wata dabba ma na iya kawo ta.

A tekun Japan akwai wata ƙaramar ƙaguwa, heikegani, wadda ƙoƙon bayanta ke kama da fuskar mayaƙi cikin fushi. Al'adar ƙasar ta ce rayukan mayaƙan gidan Taira ne da suka nutse a yaƙin Dan-no-ura a 1185. Julian Huxley a 1952, da Carl Sagan a shirinsa na talabijin a 1980, sun ce masunta ne suka riƙa mayar da masu kamar fuska cikin ruwa suna cinye sauran, har irin ya yaɗu. Labari ne mai daɗi, amma masanin halittun ruwa Joel Martin ya rushe shi a 1993: ƙaguwar ta yi ƙanƙanta, ba a cinta ko da fuska ko babu, tudun da ke bayanta kuma wuraren da tsoka ke kamawa ne, ana samun irinsu a dangin ƙaguwar a wasu tekuna da ma a burbushin da ya girmi ɗan Adam.

Addini da siyasa

A nan ne faridoliya ke tara jama'a, wani lokaci ta tara kuɗi ko ta tayar da rigima. A ƙasashen Kirista an fi ba da rahoton ganin surar Yesu ko Maryamu. A watan Disamban 1996 wani tabo mai launin bakan gizo a gilashin wani ofis a Clearwater, jihar Florida, ya jawo ɗimbin masu ziyara saboda kamarsa da Maryamu. A 2004 aka sayar da guntun burodi da cuku mai shekara goma a eBay kan dala 28,000 bisa irin wannan dalili. A tsakanin Musulmi kuwa, inda ba a saba da zanen annabawa ba, abin da aka fi gani rubutu ne, musamman sunan Allah da haruffan Larabci, a jikin tumatir, gauta, kifi, ƙwai, gajimare ko fatar dabba. A watan Yulin 2008 BBC ta ruwaito cewa dubban mutane sun yi tururuwa zuwa wani gidan abinci a Birnin Kebbi don ganin yankan nama da aka ce sunan yana jikinsa. Masu nazarin gani suna lura da cewa kalmar a rubuce tsayayyun layuka ne uku da ɗan gewaye a ƙarshe, siffar da jijiyoyin nama da cikin 'ya'yan itace kan samar da ita cikin sauƙi, kuma kowace al'umma abin da ta taso da shi take gani. Masu imani da yawa suna ɗaukar irin wannan a matsayin aya, yayin da ake da malamai a addinan biyu da ke jan hankalin mabiyansu kada su rataya imaninsu a kansa. Wani bincike da Tapani Riekki ya yi a Finland a 2013 ya gano cewa masu addini da masu yarda da abubuwan ɓoye sun fi saurin hango fuska a hotunan wurare, a inda akwai kama da ita da kuma inda babu.

A 1997 kamfanin Nike ya janye takalma ƙafa 38,000 daga kasuwa ya kuma nemi afuwa, bayan ƙorafin Musulmi cewa tambarin da ke bayan takalmin, kalmar Turanci da aka rubuta kamar harshen wuta, ya yi kama da sunan Allah. Kanada ta sake zanen takardun kuɗinta na 1954 bayan shekara biyu, saboda mutane sun ce suna ganin fuskar shaiɗan a cikin gashin Sarauniya Elizabeth. A Iran kuma, a ƙarshen 1978, lokacin da juyin juya hali ke ƙara zafi, labari ya bazu cewa fuskar Ayatullahi Khomeini ta bayyana a jikin wata, mutane suka riƙa hawa rufin gidaje suna kallo.

Zane da gwajin tawada

Masu zane sun mayar da faridoliya kayan aiki tun da daɗewa. Shen Kuo, masanin ƙasar Sin na ƙarni na 11, ya ruwaito cewa mai zane Song Di ya shawarci wani ɗalibi ya shimfiɗa farin siliki a kan rusasshen bango, ya riƙa kallo safe da yamma har tudu da kwarin bangon su zame masa duwatsu da ƙoramu. Leonardo da Vinci ya rubuta shawara kusan iri ɗaya bayan shekara ɗari huɗu, cewa mai zane ya kalli bango mai tabo, da toka, da gajimare, zai sami filayen yaƙi da fuskoki. Giuseppe Arcimboldo ya juya abin, ya riƙa jera 'ya'yan itace da kayan lambu su ba da fuska, har ya zana Sarki Rudolf na Biyu haka wajen 1590.

Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Hermann Rorschach, ya wallafa gwajinsa a 1921, shekara guda kafin rasuwarsa yana da shekara 37. Katuna goma ne masu tabon tawada, kowanne gefensa biyu daidai suke, ana tambayar mutum me yake gani, sannan a yi nazarin amsarsa. An yi amfani da gwajin sosai a asibitoci da kotuna, musamman a Amurka da Japan, kuma har yanzu masana na jayayya kan iyakar abin da yake iya nunawa game da halin mutum.

Alaƙa da rashin lafiya

Yawan faridoliya fiye da kima na iya zama alama. Zazzaɓi mai zafi, rashin barci, wasu ƙwayoyi, da barin giya farat ɗaya ga wanda ya kamu, duk suna ƙara ta. A 2012 Makoto Uchiyama da abokan aikinsa a Jami'ar Tohoku ta Japan sun nuna wa tsofaffi hotunan wurare da furanni, suka gano cewa masu nau'in cutar mantuwa da ake kira Lewy suna ganin mutane da dabbobi a hotunan fiye da masu cutar Alzheimer nesa ba kusa ba. Bambance cututtukan biyu na da muhimmanci, domin wasu magungunan taɓin hankali suna yi wa masu Lewy mummunar illa. Ana samun irin wannan ƙari a wasu masu cutar Parkinson.

A kunne

Wanda ya taɓa jin kamar wayarsa na ringi ko ana kiran sunansa cikin ƙarar janareta ko fanka ya san wannan nau'i. A 1959 Friedrich Jürgenson yana naɗar kukan tsuntsaye a Suwidin, ya ce ya ji muryoyin matattu a kaset ɗin, Konstantin Raudive kuma ya tara dubban irin waɗannan naɗe-naɗe. Gwajin John Vokey da Don Read a 1985 kan maganar da aka juya ta baya ya nuna cewa masu sauraro ba sa tsintar saƙon ɓoye sai an gaya musu abin da za su ji, daga nan kuma sai su ji shi sarai.

Hoto da kwamfuta

Hoto ya fi ido tsirara haifar da faridoliya, domin ya daskarar da abu a kusurwa ɗaya da haske ɗaya, ya kuma cire zurfi da ma'aunin girma. Mai tsaye gaban dutse zai iya gusawa taku biyu fuskar ta watse, mai kallon hoto ba shi da wannan dama. Matse hoto don ya yi sauƙin turawa ta waya yana barin 'yan murabba'ai da dishi-dishi, idan aka zuƙo su kuma sai su ba da siffofin da babu su a wurin da aka ɗauka. Hanyar tantancewa ita ce wadda aka bi a Cydonia: a sami hoto na biyu daga wata kusurwa, a wani lokaci na yini, da kyamarar da ta fi kyau, a kuma san girman abin. Wannan dabam yake da hoton da aka shirya da gangan ta manhajar gyaran hoto ko ƙirƙirarriyar basira, wanda shi jabu ne.

Na'urori ma suna yin irin wannan kuskure. Kyamarar waya kan zana akwatin gane fuska a kan labule ko gaban mota. A 2015 injiniyan Google, Alexander Mordvintsev, ya fito da DeepDream, inda ake umartar manhajar gane hoto ta ƙarfafa duk abin da take zaton ta hango. Sakamakon ya cika da kawunan karnuka a cikin gajimare da ganyaye, saboda a cikin rukunai 1,000 na hotunan da aka horar da ita da su, kusan 120 nau'o'in kare ne. A 2024 masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka sun tara hotuna kusan 5,000 na abubuwa masu kama da fuska, suka gano cewa manhajar da aka horar da fuskokin mutane kaɗai ba ta cika hango su ba, amma da aka ƙara mata fuskokin dabbobi sai ta inganta sosai. Sun kuma gano cewa fuskokin ba sa fitowa a hoton da ya cika sauƙi kamar sama garau, ko wanda ya cika cunkoso kamar yashi, sun fi fitowa a hoton da ke tsaka-tsaki, ga mutum da na'ura baki ɗaya.